Yadda Ake Tayar da Gold Wing Daga Baccin Shekara Talatin

Galibi a ƙuryar rumbun wata gona ake samunsa, ko a bayan garejin wani gida a jihohin tsakiyar Amurka irin su Ohayo da Wiskonsin, an lulluɓe shi da tsohon tamfol, an jibga masa kwalaye da karyayyun kujeru. Idan aka yaye tamfol, ƙura ta lafa, sai ga babur kamar bijimin sa: tayoyi sun sace, kujera ta tsage soso ya leƙo, ɓeraye sun yi gida a akwatin matatar iska. Lambar bayansa tana ɗauke da shekarar da aka sabunta takardunsa na ƙarshe, wani lokaci tun kafin a haifi wanda ya zo saye. Mai shi ya tsufa ko ya rasu, iyali kuma suna son wurin. Maganarsu kusan ɗaya ce a ko'ina: lafiyarsa ƙalau ranar da aka ajiye shi.

Sau da yawa gaskiya suke faɗa. Honda Gold Wing GL1000, wanda ya shiga kasuwa a 1975, ba kasafai tafiya ke kashe shi ba. Zama ke kashe shi. Ƙarfen injin yana nan yadda aka bar shi, amma duk abin da aka yi da roba ya bushe, duk abin da yake ruwa ya lalace, duk inda waya ta haɗu da waya ya yi kore. Wanda ya gane wannan tun farko ya rage wa kansa rabin wahala, domin ya san ba sabon inji zai ƙera ba. Zai bi ɓarnar da shekaru suka yi ne, ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai wadda dole ta riga wata.

Abu na farko da hannun sabon shiga ke nema shi ne maɓallin sitata. Ya kawo batir, ya tsiyaya ɗan fetur, ya ji ko zai tashi. Tsofaffin hannu a wannan harka za su riƙe masa hannu. A kan wannan babur, daƙiƙa biyar na zumuɗi suna iya mayar da gyaran mako biyu ya koma na wata shida.

Babur mai halin mota

Sai an san yadda aka ƙera shi za a gane dalilin wannan tsoro. A 1969 Honda ta girgiza duniya da CB750 mai silinda huɗu. A 1972 Kawasaki ta fito da Z1 mai cc 903 ta ƙwace kambun. Honda ba ta mayar da martani da babur mafi gudu ba. Ta zo da wani abu dabam ɗungurungum. An nuna GL1000 a bikin baje kolin babura na birnin Kolon a Jamus a 1974. Injinsa cc 999 ne, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, ƙarfin doki kusan 80. Ruwa ke sanyaya shi, yana da lagireto da fanka kamar mota. Ba shi da sarƙar baya. Sandar ƙarfe mai juyawa, irin farfelar mota, ita ke kai ƙarfi tayar baya. Birkin faifai uku ne, biyu gaba ɗaya baya. Nauyinsa kilo 265 kafin a zuba masa mai ko ruwa.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne tanki. Wanda ake gani a gaban direba na bogi ne. Idan aka buɗe shi za a tarar da wayoyi, da kwalbar rarar ruwan lagireto, da matatar iska, da kuma sandar kik da ake ɗaukowa a maƙala idan batir ya mutu. Ainihin tankin, mai cin lita 19, yana ƙarƙashin kujera, don nauyi ya sauka ƙasa. Tun da mai ba ya hawa sama da kansa, sai aka sa masa famfo.

'Yan jaridar babura a Ingila sun yi masa ba'a, suka ce mota ce mai taya biyu. Amurkawa kuwa, masu dogayen tituna da ake wuni a kansu ba a ga kwana ba, sun rungume shi. Tsirara ya fito, babu gilashin kare iska, babu akwati, sai masu shi suka riƙa sayen garkuwar iska ta Windjammer daga kamfanin Craig Vetter suna ɗaurawa. Shi ya sa yawancin waɗanda ake tonowa yau suke da wannan ƙaton kai na gaba. Honda ba ta fara sa nata ba sai a 1980 da GL1100 Interstate. Daga farkon shekarun 1980 aka koma ƙera Gold Wing a Marysville ta jihar Ohayo, aka yi kusan shekara talatin a can kafin a mayar da aikin Kumamoto a Japan.

Wani abin sha'awa, a shekarar 1975 ɗin ce Honda ta fitar da CG125, baburin da aka ƙera musamman don ƙasashen da ba a cika kula da juyen baƙin mai ba, wanda jikokinsa suka cika titunanmu. Gida ɗaya suka fito, shekara ɗaya, amma hali ya bambanta. CG yana yafe wa mai shi sakaci. Gold Wing yana rubutawa ya ajiye.

Bel biyu da ke riƙe da ran injin

A gaban injin, bayan lagireto, akwai murafe biyu na alminiyam. A ƙarƙashinsu bel biyu ne na roba masu haƙora, kowanne yana juya kamshaf na ɓangare guda. Su ke tsara lokacin da bawul zai buɗe da lokacin da zai rufe. A cikin wannan injin, wurin da bawul ke sauka idan ya buɗe shi ne wurin da fistin ke isowa idan ya taso; abin da ya hana su karo kawai shi ne ba sa zuwa lokaci ɗaya. Idan bel ya tsinke ko ya tsallake haƙora, fistin zai tarar da bawul a hanya ya lanƙwasa shi. Daga nan sai sauke kan silinda.

Bel ɗin da ya shekara talatin a lanƙwashe wuri ɗaya yana iya yin kyau a ido, haƙoransa cif, rubutun jikinsa bai goge ba. Kyan ɗan maciji ne. Sabo ba shi da tsada, har a shagunan kayan mota ana samun na kamfanin Gates da ya dace, don haka babu wani mai hankali da ke caca da tsohon.

Amma kafin a kai ga bel, ana kwance fulogi huɗu tukuna. Dalili biyu ne. Na farko, kabureta a saman injin suke, silinda a ƙasa a kwance. Idan allurar da ke tsayar da mai ta yi yoyo, fetur yana gangarawa ya cika silinda. Ruwa ba ya matsuwa, don haka idan sitata ya tura fistin a kan silindar da ta cika, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Na biyu, ta ramin fulogi ake ɗiga ɗan mai mai laushi, a bar shi kwana biyu ko uku ya ratsa ringi da suka manne da bango. Sannan a sa sufana a juya injin da hannu, a hankali, ana sauraro. Idan ya zagaya sumul, an yi sa'a. Idan ya cije, ba a tilasta masa. A ƙara mai, a ƙara kwana.

Sa sabon bel aikin natsuwa ne. Ana juya injin har alamar T-1 ta bayyana a ramin duba taimin, alamomin da ke kan ƙafafun kamshaf su daidaita da na jikin injin. A cire tsoho, a sa sabo ba tare da wani abu ya gusa ba. Bayan nan a zagaya injin da hannu sau biyu cikakku, a sake duba alamomin. Kuskuren haƙori ɗaya yana hana shi aiki daidai. Na uku ko huɗu yana iya jawo asarar da ake gudu tun farko. A wannan mataki ne kuma ake saita tazarar bawul, wadda a wannan injin milimita 0.10 ce, kaurin takardar rubutu ke nan.

Warin tsohon fetur

Wanda ya taɓa buɗe tankin da ya shekara ashirin a rufe ba ya manta warin. Ba na fetur ba ne; ya fi kama da na tsohon fentin katako, mai ɗaci, mai kama tufafi. Sassan fetur masu sauƙi suna tashi su bi iska cikin watanni, abin da ya rage ya yi duhu, ya yi danƙo, a ƙarshe ya bushe kamar ƙaro. A Amurka akwai ƙarin matsala: yawancin fetur ɗin da ake sayarwa yana da kashi goma cikin ɗari na sinadarin etanol, shi kuma yana jan danshin iska. Ruwan ya kwanta a gindin tanki, tsatsa ta samu wurin zama.

A wani babur, cire tanki aikin minti biyar ne. A GL1000 sai an cire tayar baya da abubuwan da ke kewaye da ita kafin a zaro shi ta baya, shi ya sa da yawa suke wanke shi a inda yake. Wasu suna cika shi da ruwan khal su bar shi kwanaki. Wasu suna amfani da wutar lantarki: a cika tanki da ruwa da sodar wanki, a rataya guntun ƙarfe a tsakiya ba tare da ya taɓa bango ba, a haɗa wayar caja mai alamar tarawa da ƙarfen, ɗayar da jikin tankin. Bayan sa'o'i ruwan zai yi kumfa mai launin ƙasa, ƙarfen da aka rataya ya fito da dattin tsatsa kamar an tsoma shi a kunu. Ana maimaitawa har bangon ya yi fes. Daga nan sai a busar da shi da sauri, domin ƙarfen da aka wanke yana sake yin tsatsa kafin a gama shan shayi.

Wanda ya yi kasala a nan zai biya sau biyu, domin ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta toshe kaburetar da aka yi mako ana wankewa.

Kabureta huɗu, haƙuri ɗaya

Idan ka ji mai tsohon Gold Wing yana ƙorafi, kusan kullum a kan kabureta ne. Huɗu ne, ƙirar kamfanin Keihin, a haɗe da akwatin iska guda a tsakiya, ana zaro su gaba ɗaya ta gefe kamar gizo-gizon ƙarfe. Bakaniken da ya saba da kaburetar ƙaramin babur, wadda ake kwancewa a bakin titi a hura mata iska da baki a mayar, zai ga kamar abu ɗaya ne sau huɗu. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Hanyoyin mai suna ratsa cikin akwatin tsakiyar, zobban roba birjik suna tsare kowace mahaɗa, kuma duk sun ƙeƙashe.

Ga yadda teburin mai gyara yake a wannan mataki. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera kwanuka huɗu, ya rubuta wa kowanne lamba, domin kayan kabureta ta ɗaya ba sa shiga ta uku. Ya ɗauki hoto da waya kafin ya taɓa kowane noti. Sukudireban da ke hannunsa ma ba kowanne ba ne. Kusoshin baburan Japan na wancan zamani suna da kai mai kama da na sukudireba mai baki huɗu da aka sani, amma yankan ya bambanta. Ma'aunin Japan ne da ake kira JIS. Sukudireban gama-gari yana zamewa ya cinye kan kusa, sai a wayi gari ana haƙa ta da injin huji. Da yawa daga cikin kusoshin da suka lalace a tsofaffin Honda, wannan rashin sani ne ya lalata su.

Idan ya buɗe kwanon ƙasa na kabureta, zai tarar da koren datti ko jan danƙo. Fulot, ɗan abin da ke yawo a kan mai yana rufe allura idan kwano ya cika, yana rataye a kan siririn fil tsakanin ginshiƙai biyu na alminiyam. Ginshiƙan nan suna karyewa da bugu ɗaya na rashin hankali, kuma idan sun karye an shiga neman wata kaburetar. Sai ya tallafe su, ya tura fil ɗin a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro.

Sai jet na silo, wanda ramin cikinsa bai fi kaurin 'yan silin gashi ba. Ya ɗaga shi sama ya kalli fitila ta ciki. Idan bai ga ɗigon haske zagayayye ba, bai wanku ba. Ba a zura masa allurar ɗinki, domin tagulla ce mai laushi, ramin zai faɗaɗa, babur ya koma shan mai yana baƙin hayaƙi. Masu hali suna da tukunyar wanki mai girgiza ruwa da sautin da kunne ba ya ji, wadda ke kakkaɓe datti daga lungunan da hannu ba ya kaiwa. Marasa hali suna jiƙawa, su fesa, su hura da iskar kwamfuresa, su sake. Tsayin fulot milimita 21 ne, a auna huɗun da ma'auni, ba da ido ba.

Kafin a mayar da su kan injin, masu wayo suna cika su da fetur a kan tebur su bar su kwana. Gara a ga yoyo a nan da a gan shi bayan an ɗaure komai.

Wuta

Ɓangaren lantarki bai kai wannan cin rai ba, sai dai yana da tarkuna biyu da kowa ya sani. Babban fiyus ɗin wani siririn ƙarfe ne da ke tsagewa ba a gani, babur ya mutu murus a tsakiyar hanya. Ana maye gurbinsa da na zamani. Ɗayan kuma wayoyi uku ne masu ruwan ɗorawa da ke fitowa daga kwayil ɗin caji. Mahaɗarsu ta roba tana yin datti, ta yi zafi, ta narke, ta ƙona kwayil. Canja kwayil ɗin nan kuwa sai an sauke injin gaba ɗaya daga jikin babur. Saboda haka mutane suke yanke mahaɗar su yi wa wayoyin dalma kai tsaye. Aikin rabin sa'a ne da ke hana na kwana uku.

Tartsatsin fulogi a GL1000 kwantak ne ke bayar da shi, irin na tsofaffin motoci, guda biyu. Ana gogewa a saita, ko a sa na'urar lantarki ta zamani a wurinsu a huta.

Ranar tashi

An juye tsohon baƙin mai an zuba sabo, kuma na babur, ba na mota ba. Kuloci a wannan injin cikin mai yake wanka, man motocin zamani kuwa yana da sinadaran rage gogayya da ke sa shi zamewa. Alamar JASO MA a jikin galan ita ake nema. An wanke lagireto, an canja tiyo, an zuba sabon ruwa. An juya injin da sitata ba fulogi har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya kai ko'ina. An mayar da fulogi. Ana turo babur waje, a ajiye abin kashe gobara kusa.

A ja cok, a danna. Sitata ya yi ta juyi, famfo yana cika kwanuka huɗu da suka bushe. A saki, a jira, kada sitata ya yi zafi. A karo na uku ko na huɗu sai a ji tari ɗaya. Sannan biyu. Sannan injin ya kama da silinda biyu ko uku yana rawa, ta huɗun ta shigo daga baya, sai sautin ya daidaita ya koma wani gurnani mai laushi da ya fi kama da na ƙaramar mota. Hayaƙi fari da shuɗi ya turnuƙe unguwa, man da aka ɗiga a silinda ne ke ƙonewa. Daga salansa kuma wani lokaci har da ƙwayoyin masara da ɓeraye suka ɓoye.

Mai gyara ba ya tsayawa murna. Yana durƙushe yana leƙen ƙarƙashi. Akwai ɗan rami a ƙasan famfon ruwa da aka yi musamman don ya tona asiri: idan ruwa ko mai yana ɗiga ta nan, famfon ya gama. Yana taɓa bututun hayaƙi huɗu da jiƙaƙƙen tsumma ya ji ko duk sun yi zafi. Yana jiran fanka ta tashi da kanta. Yana sa ma'auni a batir ya ga ko wuta ta haura bolt 13 idan an ja totur. Bayan injin ya yi ɗumi sai a haɗa ma'aunan iska huɗu a daidaita kaburetocin, har su riƙa numfashi tare.

A nan ne da yawa suke yin kuskure mafi muni, domin jin ƙarar injin yana sa mutum ya ga kamar an gama. Tsugune ba ta ƙare ba.

Abin da ke tsayar da kilo ɗari uku

A ganin mai wannan rubutu, duk wanda ya hau irin wannan babur kafin ya gyara birki da taya bai san abin da yake yi ba, kome ƙwarewarsa a inji. Babur ne da ke kai kilomita 200 a sa'a, kuma da mai da direba ya haura kilo 350.

Man birki yana shan danshi. Cikin shekaru sai ya koma kamar miyar kuka, fistocin birki su yi tsatsa su cije. Akwai wani ɗan rami a tukunyar man birki, ƙanƙane kamar bakin allura, wanda ta nan mai ke komawa idan an saki hannu. Idan ya toshe, birki zai riƙa kamawa da kansa yayin da ya yi zafi, har taya ta ƙulle ana cikin gudu. Don haka ana kwance komai, a wanke, a sa sababbin robobi, a zubar da tsofaffin tiyo ko da ba su tsage ba, domin daga ciki suke ruɓewa.

Taya kuma tana da ranar haihuwa a jikinta. Daga shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekara: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Idan lambobi uku ne, tayar ta girmi ƙarnin nan. Zanenta yana iya zama sabo fil, amma robar ta taurare kamar ƙwarya, ba ta riƙe kwalta, balle idan an yi ruwa. Kamfanoni irin su Michelin suna cewa kada taya ta wuce shekara goma ko yaya take. Samfurin 1975 zuwa 1977 ƙafafunsa masu wayoyi ne kamar na keke, da tub a ciki, don haka har tub da ƙyallen da ke kare shi ake canjawa, a bubbuga wayoyin ɗaya bayan ɗaya a ji wadda ta saki. A 1978 aka koma ƙafafun Comstar marasa wayoyi, aka kuma cire kik.

Saura boris na ƙafafu da na wuya, man shokozoba na gaba, man giyar baya, da giris mai sinadarin moli a haƙoran farfela. Sai a leƙa ƙasan firam, wajen ƙafar tsakiya, inda ruwa ke kwanciya ya ci ƙarfe daga ciki. Wannan dubawar ma kamata ya yi a yi ta tun ranar ciniki, tare da takardu. A Amurka kowace jiha da dokarta kan abin hawan da takardar mallakarsa ta ɓace, kuma baburan da suka riga 1981 ba su da lambar jiki mai harafi 17 da kwamfutocin ofisoshi suka saba da ita. Akwai waɗanda suka gama gyara tsaf, suka yi wata da watanni suna zarya kafin su sami lamba.

Kwalliya da kuɗin sabulu

Kayan gyara ba su yi wuyar da ake zato ba. An sayar da GL1000 da yawa, don haka na gwanjo suna nan, kuma akwai kamfanonin da suka ƙware a kayan tsofaffin Honda, kamar David Silver Spares a Ingila da CMS a Holan. Abin da ke wahala shi ne salansa ta asali, wadda kusan duk ta ruɓe, da murafen gefe masu fenti na ainihi. Masu tara kayan tarihi sun fi farautar samfurin LTD na 1976, wanda kimanin guda 2,000 kacal aka yi.

Amma batun riba, a ajiye shi. Wanda ya lissafa taya, batir, bel, robobin kabureta, kayan birki, tiyo da mai, sau da yawa zai ga sun haura kuɗin da ya sayi baburin, kuma bai sa ladan hannunsa ba. GL1000 na gama-gari bai kai darajar CB750 na farko ko Z1 a kasuwar masu tarawa ba. Idan aka kai shi shago aka biya bakanike da sa'a, yadda ake yi a Amurka, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba har abada. Shagunan dillalai da yawa ma ba sa karɓar babur mai wannan shekaru.

Masu wannan sha'awa sun rabu gida biyu. Akwai masu son a mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta, kowace kusa da irin ƙyallinta, kowace sitika a wurinta, a kai shi gasa alƙalai su zagaya shi da takarda. Ƙungiyar masu tsofaffin babura ta Amurka, wadda aka kafa a 1954, tana karɓar duk baburin da ya kai shekara 35, kuma GL1000 ya daɗe da cika wannan sharaɗi. A Birtaniya abin hawan da ya haura shekara 40 ana iya yi masa rajistar kayan tarihi, a ɗauke masa harajin hanya da gwajin shekara-shekara. Ɗaya gidan kuma suna cewa a gyara abin da ke motsi da abin da ke tsayarwa, a wanke sauran da sabulu, a bar koɗaɗɗen fenti da tabon da ya samu a hanya.

Ga baburin da aka ƙera don doguwar tafiya, hujjar gida na biyu ta fi ƙarfi. Emilio Scotto, ɗan ƙasar Ajantina, ya bar Buenos Aires a 1985 a kan Gold Wing GL1100 samfurin 1980, ƙanen wannan da ake magana, bai kammala tafiyarsa ba sai 1995. Ya yi kilomita 735,000, ya ratsa har da Afirka, kundin Guinness ya rubuta ta a matsayin tafiya mafi tsawo da aka yi a kan babur. Irin wannan inji ba don a goge shi da auduga a falo aka yi shi ba.

Fitar farko gajeriya ce, zagayen unguwa, a dawo a taɓa faifan birki a ji ko wani ya yi zafi fiye da sauran. Kuloci yana iya mannewa bayan dogon zama, shi ya sa ake sa giyar farko da birki a riƙe, gaban babur yana kallon fili. Sai kilomita ashirin, sai hamsin. Bayan 'yan ɗaruruwa a sake juye baƙin mai, domin sabon ya kwaso dattin da tsohon ya bari, a canja matatar fetur, a sake auna bawul, a bi notuna da sufana.

Wanda ya kai nan, abin da ya rage masa shi ne kada ya maimaita laifin mai shi na farko. Ya hau shi ko sau ɗaya a mako biyu, ya yi tafiyar da za ta sa injin ya yi zafi sosai. Idan sanyin hunturu ya tilasta ajiyewa, ya cika tanki fal da maganin hana fetur lalacewa, ya tsiyaye kwanukan kabureta, ya cire batir ya sa a caja, ya ɗora babur a ƙafar tsakiya. Ya kuma rubuta ranar da ya sa bel da adadin kilomita a cikin murfin tankin bogi, inda duk wanda ya buɗe zai gani.